Teburina a Aboabo

Teburina ƙafa uku gare shi,
ta huɗun bulo ne, aro daga wurin magina.
Yana barandar Baba Salifu tela, a Aboabo,
tsakanin ƙarar keken ɗinki da tururin mai shinkafa da wake.
Nan nake zama, ni Adiza,
da biro biyu, da littafi mai bangon kwali,
da wayar da fuskarta ta tsattsage kamar dunduniyar manomi.

Mako tara aka yi ana koyar da mu
a wani bene a Adum,
fanka na juyi bisa kanmu kamar an sa ta dole.
Aka ce: in an tsare mutum kwana biyu cur,
ko a kai shi gaban alƙali ko a buɗe masa ƙofa.
Aka ce: beli ba haja ba ne.
Na rubuta, na ja masa layi biyu,
don na tuna tunkiyar da innata ta sayar
ranar da aka kama yayana.

Suka ba mu takardar shaida mai ruwan zinari a gefe.
Na kai ta kotu ina taƙama.
Magatakarda ya ɗaga ta sama
kamar mai duba ƙwai a hasken rana.
"Lauya ce ke?" A'a.
"'Yar'uwar mai ƙara?" A'a.
"To babu gurbinki a fom ɗin nan. Koma benci."
Na koma benci. Shekara shida ke nan.

Fusaini mai tura baro ne a Kejetia.
Waya ta ɓata, aka nuna shi da baki, shi ke nan.
Damina uku ta same shi a tsare,
ba hukunci, ba sallama, fayil ya yi layar zana.
Mahaifiyarsa, Inna Lariba, ba Turanci, ba Tonanci,
ta kwance bakin zane ta miƙo mini
wata 'yar takarda da gumi ya cinye rabinta.
Sau goma sha ɗaya na hau mota da kuɗin kokona.
A na goma sha biyu na same shi
ƙarƙashin butar shayin wani kofur,
ya kumbura da ruwa,
an rubuta sunan yaron da harafin da ba nasa ba.

Lauya Boateng ya zo, mutumin kirki ne, ban ce ba,
baƙar riga, farar hular gashi.
Minti bakwai ya yi yana karanta rubutun hannuna.
Alƙali ya ce a sallami yaro.
A littafin kotu akwai sunan kowa,
har da na kofur mai buta.
Inna Lariba ce ta biyo ni bakin kwata
da goro uku a ganye, ta kasa magana, ni ma haka.

Ba hular nake nema ba,
zafin Kumasi ya ishi kaina da ɗankwali.
Layi ɗaya nake so a cikin doka,
da lamba, da suna wanda ɗan sanda zai gane,
don a raba ni da masu tsaye a ƙofar kotu
da jakar da babu komai ciki sai baki,
suna karɓar sidi ɗari biyu su ɓace.
In na yi kuskure, a sami inda za a kai ƙarata.
Ungozoma ba likita ba ce,
amma ai an san hannun wa ya fara taɓa jariri.

La'asar ta yi. Ga wata can tafe da goyo,
mai gida ya karɓi hayar shekara biyu,
jiya ya kware mata kwanon ɗaki.
Baba Salifu, rage ƙarar keken nan.
Bari in gyara bulo.
Zauna, baiwar Allah. Fara daga farko.